ƘIRJIN AUTA, SUNAN YAYA

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo cewa in daina tausaya wa Sannu-Sannu tunda shi ya jawo wa kansa, na ji ku, kuma ban ce ya kyauta ba. Direban tirela ne, lasisinsa ya zo ƙarshe, doka ta ce ba a sabunta shi sai da takardar likita. Shi kuwa ya san idonsa na hagu ya fara hazo. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya zaro katin shaidarsa ya damƙa wa ƙanensa Auta, ya ce je ka a gwada ka da sunana. Wannan kam ba mai wanke shi. Amma ku karanta na yau tukuna. In bakinku ya iya zaginsa bayan nan, ga wuri.

* * *

Tun jiya da la'asar da aka kira shi daga asibiti, ko ruwa da ƙyar yake wuce masa.

"Likita na son ganinka gobe da safe. Ka zo da wani naka."

Iyakar abin da muryar ta ce ke nan, aka kashe. Shi kuwa marar gaskiya nan take ya fassara wa kansa: ka zo da wanda zai koma gida ya kai labari in an tasa ƙeyarka zuwa wajen 'yan sanda. Ya so ya sulale shi kaɗai, amma matarsa tana kusa lokacin da aka kira, ta ji komai. Kafin ya gama sa takalmi ta riga ta yafa mayafi tana tsaye a bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Inda aka ce ka zo da wani naka. Ko ni ba taka ba ce?"

Haka suka taho, ita ba ta san abin da ya ɓoye ba, shi kuma ya san abin da ya shuka.

A barandar asibitin direbobi ne jere a kan dogon benci, kowa da hularsa a gwiwa, kowa ya yi laushi kamar ba su ne masu cika hanya da tsawa ba. Wani tsohon direban bas da suka san juna a hanya ya hango su.

"A'a, Sannu-Sannu, har da rakiya? An zo a riƙe maka hannu ne a yi maka allura?"

Aka kwashe da dariya.

"Ku ƙyale shi," in ji wani. "Mutumin da mai keke ke wuce shi a kan hawa, ai jininsa ma a hankali yake tafiya. Mu ne abin tausayi. Ni tun asuba na haɗiye ƙwayar hawan jinin maƙwabcina don awo ya yi kyau, ga shi yanzu bencin nan biyu nake gani."

Sannu-Sannu ya yi musu yaƙe. Sunan ba a banza ya bi shi ba. Tun yana saurayi yake jan babbar mota, gemunsa ya yi furfura a kan sitiyari, bai taɓa goge ko fentin motar wani ba. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, a ce mutum ya yi rayuwarsa duka a hankali, rana ɗaya tsoro ya sa shi gaggawa.

Motarsa ma ba ta garejin kamfani. Da manaja ya ce ba takarda ba hawa, kaya kuma ba sa jiran kowa, za a miƙa wa wani direban makulli, Auta, wanda shi ma direba ne a kamfanin, ya yi tsalle ya dire. Dawowarsa ke nan daga tasa tafiyar, ko wanka bai yi ba.

"Motar Yayana ba za ta shiga hannun wani ba. Tawa takardar da sauranta. Ni zan kai."

Yau da asuba Auta ya tashi da motar. Da ya zo wucewa ta bakin layinsu sai ya taɓa hon, ya saki, don tsokana. Ya san dokar Yayansa: hon taɓawa ake yi a saki, direban kirki ba ya cika wa mutane kunne. Sannu-Sannu yana ɗaki ya ji, ya girgiza kai, har ya ɗan murmusa duk da abin da ke cin sa.

Nas ta leƙo ta kira sunansa. Da ya miƙe ta dube shi ta yi dariya.

"Malam mai barkwanci, yau kuma shiru? Rannan fa har hawaye ka sa na yi."

Ba laifinta ba ne. Doguwar fuska iri ɗaya, wushirya iri ɗaya, tafiya iri ɗaya, ga furfura ta fito wa Auta da wuri. Innarsu da ta haife su ma in suna nesa sai sun yi magana take bambancewa.

"Yau jikin ne," ya ce, ya wuce ta da sauri.

Likitar dattijuwa ce mai tabarau, irin mutanen da ba sa ɗaga murya amma kowa ke jin su. Ranar gwaji ba ita ta ga marar lafiya ba, sakamakon kawai aka kawo mata. Ta nuna musu kujeru.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, likita."

"Wannan fa?"

"Iyalina ce."

"Gara da ka zo da ita. Kai ka tuƙo ku?"

"A'a, motar haya muka hau."

"Alhamdulillahi."

Ya waiga ya dubi ƙofa. Babu ɗan sanda. Ya dubi bayan labule. Nan ma babu kowa.

"Malam," in ji ta, "idonka lafiya lau. Kunnenka lafiya lau. Jini da fitsari ba mu ga wani abin damuwa ba."

Wani sanyi ya sauko masa tun daga ka. Ashe ba a gane ba. Ashe banza ya kwana yana juyi. Har ya fara gyara zama, yana tunanin yadda zai ba Auta labari su yi dariya.

"Amma ba zan sa hannu a takardarka ba."

Ta juyo da fuskar kwamfuta wajensu. Wasu layuka ne masu hawa da sauka, shi dai bai ga komai a ciki ba.

"Ka tuna wayoyin da aka manna maka a ƙirji? Abin da suka nuna ke nan. Zuciyarka ba ta samun isasshen jini. Alama ta nuna ta taɓa jin rauni ba da daɗewa ba, wataƙila ka ɗauka wani abu ne daban. Ba zan ɓoye muku ba, irin wannan tana iya tsayawa ba sallama. Yau ɗin nan nake so a ba ka gado. Tuƙi kuwa, ko keke ban yarda ba."

Matarsa ta dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta juyo ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Shi ya sa ka daina cin abinci. Shi ya sa kake zama kai kaɗai kana tagumi. Baban yara, ciwo kake yi a gabana ni ina ta mitar ka canza mini?"

Gaskiyar magana, a numfashin farko murna ya yi, Allah Ya yafe masa. Ya ce a ransa, ai ni ba a manna mini wata waya ba, lafiyata lau. Sai a numfashi na biyu maganar ta juyo ta same shi. In ba a manna masa ba, to wa aka manna wa?

Likita ta ɗauki biro.

"Kana jin ƙuna a ƙirji, kamar ƙwarnafi?"

"A'a."

Ya ga Auta a bakin gareji yana murza ƙirji da tafin hannu.

"Gumi fa, haka kawai ba zafi ba aiki?"

"A'a."

Ya ga Auta yana matse riga da sanyin safiya, shi kuma yana ce masa rago.

"In ka hau matakala kana tsayawa ka huta? Hannunka na hagu yana yi maka nauyi?"

Makon jiya ma Auta ya taka ƙarfen hawa mota ya tsaya a nan, hannu ɗaya a mariƙin ƙofa, yana dariya yana cewa, "Yaya, motar taka ce ta ƙara tsawo ko ni ne na tsufa?"

Matarsa ta share hawaye da gefen mayafi.

"Likita, wallahi duk wannan ban taɓa gani a jikinsa ba. Shi ko ciwon kai sai a daɗe. Wannan ai kamar Auta kike lissafawa, ƙanensa. Shi ne kullum da maganin ƙwarnafi a aljihu. Maganin ma Baban yara ne yake saya masa."



Likita ta ajiye biro. Ta dubi matar, ta dubi mijin, ta daɗe tana dubansa.

"Buɗe maɓallin rigarka."

Ta ɗora masa abin sauraren ƙirji. Ta matsar da shi nan, ta matsar da shi can. Ta kama wuyan hannunsa tana ƙirga bugun jini. Sannan ta zaro 'yar tocila daga aljihu ta haska masa ido, na dama, na hagu, ta sake komawa na hagun.

"Rufe na dama da hannunka."

Ya rufe.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Hazo ne kawai da wani abu mai motsi a cikinsa.

"Malam, yatsu nawa?"

Ya sauke hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Wanda aka gwada rannan," in ji ta, "da idon hagu ya karanta layin ƙarshe, wanda ni ma sai da tabarau nake gani. Wa ka turo mana?"

"Ƙanena."

Matarsa ta saki rigarsa kamar ta taɓa wuta.

"Auta ka tura?"

"Shi."

"Da sunanka?"

Ya gyaɗa kai.

"To wannan ciwon da ake faɗa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Batun abin da ka aikata za mu yi shi," in ji likita, "kuma sai na rubuta, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba yanzu ba. Ina ƙanen naka? A kira shi ya zo nan, kada ya tuƙo kansa, kada ya yi sauri."

Sannu-Sannu ya ɗago kai. Tunda matarsa ta aure shi ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yana hanya."

"Wace hanya?"

"Ya tafi da motata tun asuba. Da kaya cike."

"Wa ke tare da shi?"

"Kamfani ya hana ɗaukar kowa."

Likita ta miƙe tsaye.

"Kira shi."

Ya lalubo wayar ya kira. Ta shiga. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. Ta sake katsewa. Ya sake.

"Me ya sa ba ya ɗauka?" in ji likita. "Ko ba ya ji ne?"

"Yana ji."

"To?"

"Ba zai ɗauka ba. Ni na hana shi."

Ran nan ya dawo masa fes. Mahaifinsu ya rasu Auta yana ƙarami, shi ya riƙe shi, shi ya ɗora hannunsa a kan sitiyari. Wata rana yana koya masa, waya ta yi ƙara, Auta ya kai hannu. Mari ɗaya ya yi masa, kuma shi ne na farko shi ne na ƙarshe a tsakaninsu. Ya ce masa ko ni ne na kira, ko Inna ce, sai ka sami wuri ka tsaya, ka ja birkin hannu, sannan ka ɗauka. Auta ya yi wasa da abubuwa da yawa a duniya, amma wannan dokar bai taɓa karya ta ba.

Ya sake kira.

Likita ta leƙa waje ta yi wa nas magana da sauri, ta dawo.

"Ina kake zaton yake yanzu? Ina so in san asibitin da ya fi kusa da shi."

Ya rufe ido. Hanyar nan ya fi sanin ta a kan tafin hannunsa, kowane rami, kowace kwana.

"In bai tsaya shan shayi ba, ya wuce babbar gada. Yana kan dogon hawa."

"Akwai wurin tsayawa?"

"Babu. Dutse ta nan, rami ta can. Sai ya kai sama."

Wayar tana ta ƙara a hannunsa. Matarsa ta matso da kujerarta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ɗaki ɗaya muke kwana, Baban yara. Idonka ya fara mutuwa ban sani ba. Ashe shi ya sa kake zuba shayi a gefen kofi, ni ina cewa tunani ne ya yi maka yawa."

"Na ji tsoro ne."

"Tsoron me?"

"In na sauka daga mota, ni wane ne? Me na iya? Yara suna makaranta, Inna ga magani. In zauna a ƙofar gida ana wucewa ana cewa ga tsohon direba?"

"Da ka zauna ɗin. Da na dafa abin sayarwa mun ci. Yaron nan a hannuna ya girma, ni na wanke masa kayan makaranta. Ko yanzu in ya dawo daga tafiya ɗakina yake fara leƙawa ya ce Yaya babba me aka rage mini. Me za mu ce wa Inna?"

Ya sake danna kira.

Likita tana rubuta wani abu, ba ta ɗago ba ta ce, "Idon naka, yanar ido ce ta rufe shi."

Suka dube ta.

"Yana ce kawai. Ƙaramin aiki ne, a yi da safe, da yamma ka koma gida. Bayan 'yan makonni ka dawo mu sake gwada ka, in ya yi kyau ni da hannuna zan sa maka hannu. Direbobi nawa muka yi wa, suna kan hanya yanzu haka."

Ba don ta ci masa fuska ta faɗa ba. Amma da ta ɗauki kujera ta buga masa, da bai ji zafi kamar haka ba. Ashe abin da ya kwana watanni yana ɓoyewa, abin da ya sa ya yi ƙaryar farko a aikinsa, aikin wuni ɗaya ne. Ya sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a fuskar wayar, ya goge da babban yatsa don ya ga lambar.

"Amma ka san wani abu?" ta ƙara da cewa, muryarta ta sassauta. "Da ƙanenka bai zo ba, da ba wanda ya san abin da ke ƙirjinsa. Mu dai mu same shi."

Ya ja numfashi ya nemo wata lambar. Matarsa ta ga sunan da ya fito, ta dube shi.

"Manaja? Ka san in ka faɗa masa shi ke nan."

"Na sani."

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Sannu-Sannu, takardar ta fito?"

"Ba za ta fito ba, ranka ya daɗe. Ba ni aka gwada ba, Auta na tura da katina."

"Kai? Kai da nake ba sababbin direbobi misali da kai?"

"Ni ɗin. Ka kore ni, ka kai ni inda za ka kai ni, ba zan yi musu ba. Amma don Allah ka duba na'urar da ke nuna inda motata take. Likita ta ce zuciyar Auta na iya tsayawa kowane lokaci. In akwai motarmu a bayansa ko a gabansa, ka sa a tare shi."

Ya ji an ture kujera, ya ji manaja yana ƙwala wa wani kira. Can ya dawo.

"Yana kan hawan, ya kusa kaiwa sama. Motar tana tafiya, amma a hankali. Akwai namu ɗaya a baya, da ɗan nisa. Zan neme shi."

Likita ta karɓi wayar ta tambayi daidai wurin, ta faɗa wa nas a kira motar asibitin da ke kusa da can. Ta miƙo masa wayar.

"Ci gaba da kira."

Ya kira. Ta katse. Ya kira. Matarsa tana ta addu'a ƙasa-ƙasa, kalmomin suna haɗuwa da kuka. Daga baranda ana jiyo dariyar direbobi, wani ya sake yin barkwanci.

Sai aka ɗauka.

Abin da ya fara ji shi ne hucin birkin iska, wannan dogon tsakin da tirela ke yi in ta tsaya. A duniya bai taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

"Yaya? Na tsaya. Na ja birkin hannu, kada ka yi faɗa."

Muryar Auta ce, amma numfashi yana yanka ta gunduwa-gunduwa. Sannu-Sannu ya sa wayar a amsa-kuwwa ya ɗora a kan tebur.

"Auta."

"Inna ce? Yaya, faɗa mini, Inna ce?"

"Inna lafiyarta lau."

"Kai, ka tsorata ni. Tun daga ƙasan hawa wayar ke kuka, ba wurin tsayawa, gabana sai faɗuwa yake. Na ce shi ke nan, tsohuwa ta tafi ban gan ta ba."

"Kashe motar."

"In kashe? Ai yanzu zan..."

"Kashe ta, Auta."

Ƙugin injin ya mutu. Sai iska da ƙarar wata mota da ta wuce.

"Na kashe. Takardar ce? Na ci maka jarrabawar ko? Ai na faɗa maka, har layin ƙarshe na karanto musu, nas ɗin ma sai da ta tafa mini."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Likita ta sunkuyo kan wayar.

"Malam, ni likita ce. Me kake ji a jikinka yanzu?"

"Likita kuma? Ranki ya daɗe, ba komai. Ƙwarnafin nan ne ya taso mini tun asuba, maganin kuma ya ƙare. Sai gumi. Kamar an ɗora mini buhu a ƙirji."

Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta buɗe.

"Saurara da kyau. Kada ka sauko, kada ka yi wani yunƙuri. Buɗe ƙofar gefenka, ka kwance maɓallin wuya, ka jingina. Duk motar da ta zo, ɗaga mata hannu. Akwai masu zuwa wajenka."

"Masu zuwa? Yaya, me ke faruwa ne? Wa ke kuka a nan? Yaya babba ce?"

Sannu-Sannu ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban teburin, bakinsa daf da wayar.

"Auta, gwajin da ka yi mini. Wayoyin da suka manna maka."

"Eh, masu sanyin nan."

"Sun ga ciwo a zuciya. Sunana ne a kan takardar, amma ƙirjinka suka gani."

Numfashin kawai ake ji, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙyar.

"Auta, kana ji na?"

"Ina ji." Muryar ta yi ƙasa. "To yanzu ba za su ba ka takardar ba ke nan?"

"Bar batun takarda."

"Na ɓata maka, Yaya. Ka turo ni in gyara, na ɓata. Wallahi ban sani ba, da na sani da ban je ba. Yi haƙuri."

Matar ta kifa kai a kan tebur. Likita ta juya baya ta cire tabarau.

"Ni ne zan ba ka haƙuri," in ji Sannu-Sannu. "Ni na gan ka kana murza ƙirji na ce maka rago. Ni na saya maka maganin banza. Tafiyar nan tawa ce, kujerar nan tawa ce. Ka yafe mini, ƙanena."

"Haba Yaya. Motarka lafiya lau take, na lallaɓa ta yadda kake so. Ko sau ɗaya ban matsa mata ba a hawan nan. Da ka gani da ka..."

Ya tsaya.

"Da na me? Auta, yi magana."

"Hannuna ne. Ya yi nauyi. Na kai shi ƙofar ya ƙi."

"Yi da na dama," in ji likita da sauri. "Buɗe da na dama. Kada ka yi shiru, ci gaba da yi mana magana."

"To. Yaya, kada a faɗa wa Inna tukuna. Bari in..."

Wani abu ya faɗi, kamar wayar ce ta zame ƙasan kujera.

Sai hon ya tashi.

Sannu-Sannu ya san shi, shi ya ɗaura shi da hannunsa, ko cikin motoci ɗari zai gane shi. Ya cika ɗakin likitar, ya fita baranda, dariyar direbobi ta ɗauke.

"Auta, saki," ya ce, kamar yana zaune kusa da shi a kujerar gefe. "Taɓawa ake yi a saki. Auta, saki mana."

Hon ɗin bai tsaya ba.